Karatun da Aka Kira Wasa

Shekara biyu a jere yana zana jarrabawar JAMB da burin karatun likitanci. A karo na uku sunansa ya fito, amma a sashen ilimin motsin jikin ɗan Adam, ƙarƙashin tsangayar ilimi. Mahaifinsa, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya duba takardar ya ajiye, ya ce: "Wato shekara huɗu za ka yi kana guje-guje da tsalle-tsalle." Saurayin bai ce uffan ba, domin shi ma zatonsa ke nan.

Zangon farko ya sauya masa tunani. Kafin ya saba da filin wasa sai da ya haddace ƙasusuwa 206 na jikin baligi, ya san inda manyan tsokoki suke kamawa da abin da kowace take ja. Daga nan aka shiga yadda zuciya da huhu suke amsa wahala, da yadda nauyi yake sauka a kan gaɓa, da yadda ƙwaƙwalwa take koyon motsi ta hanyar maimaitawa. Fannin ne ake kira kinisiyoloji a Amurka da Kanada, daga kalmar Girkanci mai nufin motsi.

Yana aji uku hawan jini ya kayar da mahaifinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɗalibin ya ga ƙannensa suna ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya mutu, ya tsayar da su. Ya san cewa tsokoki ne suke riƙe kafaɗa a gurbinta, idan suka saki, ja kaɗan yana iya gocar da ita. Ya kuma gane dalilin da ya sa likitar fisiyo take sa tsohon ya mayar da ƙafafunsa baya, ya sunkuyo gaba kafin ya miƙe: sai nauyin jiki ya dawo kan tafin ƙafa cinya take iya ɗaga shi. Kullum da safe shi yake maimaita masa abin da ta tsara.

Ganin haka dangi suka fara cewa ai ga likita a gida, me zai sa a ci gaba da kashe kuɗin gashi a asibiti? Kuɗin kuwa ya fara yi wa gidan nauyi, shi ma maganar ta yi masa daɗi, domin karo na farko ke nan da aka girmama karatunsa. Sai da ya kwana yana juya ta, sannan ya ce wa mahaifinsa: "Baba, na san dalilin abin da take yi, amma ba a koya mini in auna mara lafiya in yanke masa magani ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ɗalibai da iyaye da yawa suke ruɗewa. A Amurka digirin kinisiyoloji matakala ce: mai son zama likitan fisiyo yakan gama shi, sannan ya ƙara kimanin shekara uku a karatun ƙwarewa. A Nijeriya hanyoyin biyu a rabe suke tun daga ƙofar shiga. Fisiyo digiri ne mai zaman kansa na shekara biyar ko fiye, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da rajista a hukumar MRTB. Digirin motsin jiki ba ya ba mutum wannan lasisi, komai zurfin saninsa.

Ƙofofin da yake buɗewa daban ne: koyarwa, horar da 'yan wasa, digiri na biyu a kimiyyar motsa jiki ko lafiyar al'umma. Akwai kuma aikin rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma tsara wannan ga mai hawan jini ko ciwon suga, tare da likitansa, yana buƙatar wanda ya karanta. Wanda zai zaɓi fannin, gara ya san waɗannan ƙofofi tun kafin ya biya kuɗin rajista.

Aka sayar da wani fili aka ci gaba da zuwa asibiti. Bayan wata bakwai tsohon ya yi sallar la'asar a tsaye, yana dafe da bango. Da ya sallame ya kira ɗansa, ya tambaye shi ko yana nan a kan sake neman likitanci. Saurayin ya ce a'a, lafiyar al'umma yake so ya karanta, domin ya fi son ya sami mutane kafin su faɗi. Mahaifin ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce masa ya binciko nawa ne kuɗin fom.