Mako Guda A Bakin Bahar Rum: Daga Hammamet Zuwa Susa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun muna yara muke jin ana kiran yankinmu Sahel, amma sai da na je Tunisiya a watan Yuli na 2024 na tarar su ma suna da nasu Sahel ɗin. Kalmar ta Larabci ce, ma'anarta bakin teku. Namu gaɓar hamada ne, nasu kuwa gaɓar ruwa ne na gaske, wanda ya taso daga wajejen Susa ya bi ta Munastir har Mahdiya. A wannan gaɓa, da kuma garin Hammamet da ke arewa da ita, aka jera manyan otal-otal inda mutane ke zuwa hutu daga ƙasashe daban-daban. Mako guda na yi a can, ga kuma abin da idona ya gane mini.

Daga Tunis, babban birnin ƙasar, zuwa Hammamet tafiyar kamar kilomita 60 ce. Na shiga motar haya da suke kira luwaj, fara mai jan zane a ciki, tana ɗaukar mutum 8, kuma ba ta tashi sai ta cika, kamar dai a tasharmu. Lokacin da mu ke tsakiyar damina, su kuwa suna tsakiyar rani, don ruwansu da sanyi yake zuwa. Wannan shi ne jarin ƙasar: watanni a jere rana na haskawa, ba hadari ba gajimare, ga teku shuɗi shar, ga rairayi fari mai laushi kamar garin alkama.

Da na isa otal, aka rubuta sunana, sai aka ɗaura mini wani awarwaron roba a hannu. Da shi ake ci, da shi ake sha, da shi ake shiga tafkin wanka, domin baƙo ya riga ya biya kuɗin komai a dunƙule tun daga gida. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne Turawa. Mu da muka saba gudun rana muna neman inuwa, sai ga mutane sun biya kuɗin jirgi, sun shafa mai, sun baje a kan gadajen roba suna shanya jiki har su yi jajawur. Ba Turawa kaɗai ba ne kuwa. Mutanen Aljeriya suna zuwa da iyalansu cikin motoci, haka mutanen Libiya, ga su 'yan ƙasar da ke zaune a Faransa da Italiya sun dawo ganin gida. A bakin ruwa ɗaya za ka ga mace cikin 'yar guntuwar rigar wanka, kusa da ita wata ta shiga ruwa da suturarta har idon sawu, ba mai kallon wani.

Hammamet asalinsa ɗan ƙaramin gari ne na masunta da masu lambu. Tsohon garin yana nan cikin ganuwarsa, ruwan teku na dukan gindin katanga, gidajen farare da ƙofofi shuɗɗa. Da yamma yara na yawo da ƙullin furen yasmin a faranti suna sayarwa, maza su saya su maƙala a kunne. Attajiran Turai da marubutansu sun fara gina gidajen hutu a nan tun wajejen 1920. Bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1956, gwamnatin Habib Burgiba ta ga ba ta da man fetur mai yawa kamar maƙwabtanta, sai ta shiga gina otal-otal don ta sami kuɗin ƙasashen waje. A 1979 aka buɗe Kantawi kusa da Susa, wato gari guda da aka gina takanas saboda baƙi, da matsayar ƙananan jiragen ruwa da filin wasan golf. A 2019 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 9.

Kwana uku na yi na ƙosa da zaman cikin katanga, sai na nufi Susa, kimanin kilomita 140 daga Tunis. Hanyar duk gonakin zaitun ne iyakar ganinka. Mai karatu, in Allah ya kai ka can, kada ka yarda otal ya riƙe ka. Tsohon birnin Susa yana cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta lissafa tun 1988. A cikinsa akwai ribaɗi, wato gidan tsaron iyaka inda mayaƙa ke zaune suna gadi suna ibada, irin tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi daga baya a Wurno. An gina hasumiyarsa a 821, babban masallacin da ke gefensa kuma a 851. Daga wannan gari ne jiragen yaƙi suka tashi a 827 suka nufi tsibirin Sisili, ƙarƙashin alƙali Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Tafiyar awa guda kuma ta kai ka Alƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Na hau kan hasumiyar na duba: dama tsohon gari, hagu jerin otal-otal har inda ido ya tsaya. Da yawa daga masu kwance a rairayin can za su koma gida ba su taka nan ba.

Wannan kuwa shi ne kukan 'yan kasuwar garin. Wani dattijo mai sayar da kayan fata ya ba ni kujera da shayi mai na'ana'a, ya ce tun da aka fito da tsarin awarwaro baƙo ba ya fita cin abinci a gari, ba ya shan ko gahawa a waje, tun da ya riga ya biya. Kamfanonin Turai masu kawo baƙin su ke yanka farashi, mai otal ya karɓa ko ɗakunansa su kwana ba kowa. Shi kuma yaron da ke kawo mini abinci a otal, ya gaya mini ya gama jami'a, daga wani gari na cikin ƙasa ya zo, kuma aikin na 'yan watanni ne. Sanyi na shigowa a sallame su, abin da ya tara da rani shi zai ci da mahaifiyarsa har wata shekara.

Sana'ar kuma ba ta da tabbas. Ran Juma'a 26 ga Yuni 2015, cikin azumi, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a bakin ruwan wani otal a Kantawi, ya kashe mutum 38, cikinsu 30 'yan Birtaniya. Ma'aikata da mutanen gari sun yi ta kāre baƙi da jikinsu, amma duk da haka jirage suka kwashe mutane, otal-otal da yawa suka rufe, gwamnatin Birtaniya kuma ba ta sassauta gargaɗin zuwa ƙasar ba sai 2017. Ana cikin farfaɗowa sai kamfanin Thomas Cook ya karye a 2019 da bashin masu otal a kansa, a 2020 kuma annobar korona ta tsayar da komai. Ga kuma ƙarancin ruwa. Bayan shekaru na fari, a watan Maris na 2023 hukuma ta fara yanke ruwan famfo da dare, ta hana wanke mota da ban-ruwan furanni da ruwan sha. In ka tuna wannan, sa'an nan ka dubi tafkunan wanka cike fal da ciyawa kore shar a bayan katanga, sai jikinka ya yi sanyi. Shi ma rairayin da ake taƙama da shi, teku na cin sa a hankali a Hammamet da wasu wurare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ana gobe zan tafi. Na dawo daga gari da magariba, hannun rigata ya rufe awarwaron, sai mai gadin ƙofa ya tare ni, ya tambaye ni wa nake nema, alhali Turawan da ke gabana sun wuce ba wanda ya ce musu kanzil. Da na janye hannun riga ya gani, sai ya shiga ba ni haƙuri, yana ta kirana ya hajj. Ban yi fushi da shi ba, don na san abin da ya zata. Tsibirin Lampedusa na Italiya bai kai kilomita 150 daga Mahdiya ba, kuma daga wannan gaɓa, musamman wajejen Safakis da ke kudu, dubban samarin Afirka ta Yamma suka yi ta shiga ƙananan jiragen ƙarfe da dare, tare da samarin Tunisiya su kansu. Da yawansu ta Agadas suka ratso hamada. A watan Yuli na 2023 an kori ɗaruruwansu daga Safakis zuwa iyakar Libiya cikin zafin rana, wasu suka mutu da ƙishirwa. Wasu kuma ruwa ya ci su, igiyar teku ta dawo da gawarwakinsu bakin gaɓa. A daren nan na zauna ina kallon ruwan, kiɗa na tashi a bayana. Ni da su fatarmu ɗaya, wataƙila ma harshenmu ɗaya, abin da ya raba mu a ƙofar nan 'yar robar da ke hannuna ce kawai.

Ban faɗi wannan don in hana kowa zuwa ba. Wurin yana da kyau ƙwarai, mutanensa masu karɓar baƙo ne, kuma hutu ba laifi ba ne ga wanda Allah ya hore wa. Shawarata dai ita ce, wanda ya je ya fita daga katanga, ya ci kuskus da kifi a gari, ya sayi tsaraba a hannun mai ƙaramin shago, ya ba ma'aikaci ɗan hasafi, ya kuma yi tattalin ruwa kamar yana gidansu. Ga ƙannenmu masu shirin bin hamada kuwa, hotunan bakin teku da kuke gani gaskiya ne, amma ba shi ne tekun da ake shiga da tsakar dare ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.