Iyo Domin Tsohuwar Fitila

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa abin da na gano a Filorida ta ƙasar Amurka, inda sana'ata ta ɗaukan hoto ta kai ni.

Akwai wata hasumiya ta ƙarfe tsaye cikin teku, kamar mil 4 daga garin Islamorada, tsawonta ƙafa 136. A shekarar 1873 aka kunna fitilarta, don jiragen ruwa su kauce wa duwatsun da ke ɓoye a wurin. Ana ce da ita Alligator, sunan wani jirgin yaƙi ke nan wanda ya taɓa farautar masu fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, ya zo ya halaka a kan duwatsun nan a 1822. Da jirage suka sami na'urori masu nuna hanya, sai aka kashe fitilar, aka bar wa tsatsa hasumiya.

Mutanen garin ba su yarda ba. A 2013 suka fara gasar iyo, a je hasumiyar a komo, mil 8 ke nan, don duniya ta san halin da take ciki, a kuma tara kuɗin gyara.

Ran gasa aka sa ni cikin ƙaramin jirgi. Igiyar ruwa na ta jijjiga mu, ruwan gishiri na rufe idon kyamara. Ina cikin shafewa, sai wanda ya yi na ɗaya ya wuce, alhali kuwa shi aka aiko ni in ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ladana ya ragu.

Ina nan, sai ga wani dattijo can baya, kwalekwale na rakiyarsa. In ya ɗan yi iyo, sai ya ɗaga kai ya dubi hasumiya ya gyara hanya, gama mai iyo a teku ba shi da wata alama, ruwa kuma na jansa gefe. Na ɗauke shi daidai sa'ad da ya ɗaga kai. Ashe abin da aka ce ya gama aiki yana nan yana shiryar da mutum! Ban yi da na sanin wancan hoton ba kuma.

A 2021 Gwamnati ta miƙa hasumiyar ga ƙungiyar mutanen garin, a 2023 aka sake haskaka ta da wutar rana. Da sun zauna jiran wani, da teku ta cinye ta. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Mai Ɗaukan Hoto.