Ranar Da Zaren Fatsa Ya Kunyata Ni

A shekarata ta farko a jami'a a jihar Texas ta Amurka, abokin ɗakina ya gayyace ni fatsa a tafkin Fork, matattarar kifin bas. Ban tambayi kowa ba, na kwashe kuɗin littattafaina na sayo sanda mai tauri da injin naɗe zare mai kwarkwaro a sama.

Jifan farko, zaren ya cukurkuɗe kamar gashin da bai ga mataji ba. Ashe sai an danne kwarkwaron da babban yatsa kafin koto ya taɓa ruwa.

Mahaifin abokina ya duba kayana, ya yi murmushi. Ya ce sandata ta fizgo kifi daga cikin ciyawa ce. Koton da na sayo, mai nutsewa, sanda mai lanƙwasa yake so, da inji mai naɗi a hankali, kamar 5.4:1, wato hannu ya juya sau ɗaya, kwarkwaro sau biyar da ɗoriya. Nawa kuwa 8.1:1 ne.

Ko ɗan tsako ban kama ba, kuma zangon nan duka da littafin aro na yi karatu. Ƙannena, matambayi ba ya ɓata.