Ranar da Taurin Ƙanena Ya Karye

Mai karatu, duk wanda ya tashi a Azare ya san yadda 'yan tauri kan fito ranar hawan Sallah. Za ka ga ƙato yana gurza wuƙa a ciki, makaɗa na zuga shi, amma ko ƙwarzane babu. Mu kuwa yara, da mun koma unguwa sai mu ɗora daga inda suka tsaya. Mukan rabu gida biyu, kowa da takobin karan dawa, mu ce yau yaƙin Malam Ibrahim Zaki za a yi, wato wanda ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19.

Doka ɗaya ce: wanda kara ya taɓa ya mutu, sai ya koma gindin dalbejiya ya zauna. To amma akwai wani abokinmu da bai taɓa mutuwa ba. Ka sare shi, ya ce ya sha tauri. Ka jefe shi, ya ce yana da kau-da-bara. Ka rutsa shi a lungu, ya ce ai layar zana gare shi, ba ka ma ganinsa. Kafin mako guda kowa ya zama ɗan tauri, aka wayi gari ana ta sara babu mai faɗuwa, wasa ya koma gardama.

Ƙanena, ɗan shekara 7, shi kaɗai ke mutuwa kullum, don bai iya musu ba. Rannan ya gaji, ya je wurin abokin nan, shi kuma ya jiƙa masa toka ya ce tauri ne. Yaro ya sha, ya ɗauko reza ya gwada a dantsensa. Na tarar da shi jini na zuba, yana kallona yana cewa, "Yaya, ai na sha." Ɗinki huɗu aka yi masa. Ni kuwa na sha bulala wurin Baba, tunda ni ne babba.

Kakarmu ce ta warware mana matsalar, tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ku ja'irai, wa ya gaya muku akwai asirin da ba shi da makari? Tauri maganin ƙarfe ne, ba ya hana gora." Daga nan muka sake doka. Kowa laya ɗaya, zai faɗe ta kafin a fara, sau ɗaya take aiki, kuma kowace da abin da ke karya ta. Nan take wasa ya farfaɗo, domin har mai tauri ya koma yana waige.

Ba tallar laya nake yi ba, malamai sun daɗe da bayyana matsayinta. Dokar wasa nake magana a kai. Sai da na shigo jami'a na gane cewa wannan ciwon kai ba namu ba ne mu kaɗai. A shekarar 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko matsafi, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 don a san ko sara ya ci. Kowane ɗan wasa yana da makin rai da rauni ke zaftarewa. Matsafi kuwa an ƙayyade masa yawan tsafin da zai yi kafin ya huta, an kuma ba shi jiki marar ƙwari. Ashe makarin Kaka ne, da lissafi.

Ko a dambe haka abin yake. Ɗan dambe kan ɗaura layunsa ya shiga fage, amma da gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, laya ba ta ɗaukaka ƙara. A ganina shi ya sa jama'a ke biyan kuɗi su kalla.

Har yau in muka tsaya kallon 'yan tauri a ƙofar fadar Sarkin Katagum, sai in ga ƙanen nan nawa yana shafa tabonsa. In na yi dariya ya ce tokar ce ba ta jiƙu sosai ba.