Daga Tudun Jami'a Zuwa Matan Fada

A ƙarshen damina muka shiga harabar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a mazauninta na hanyar Kalgo. Gine-ginen sababbi ne, amma ciyayin da ke kewaye da su tsofaffin 'yan gida ne. Duk inda motar gini ta kankare ƙasa, tafasa da rai-ɗore sun riga kowa isa, sun baje furanninsu rawaya. Gefen hanyar da ƙafa ta daddaɓe kuwa na tsidau ne, ya kwanta ya shimfiɗa ƙaya. Can inda rairayi ya yi yawa, tumfafiya ta tsaya da kaurin ganyenta, ga ƙarangiya tana maƙale wa duk mai dogon wando.

Da muka kama hanyar Argungu, bayan Ambursa, sai ga wata gonar dawa ta yi ja-ja da fure gwanin sha'awa. Na yaba, dattijon da ke gonar ya girgiza kai.

"Yaro, wannan ai wuta-wuta ce. Kyanta a ido, ɓarnarta a ƙasa."

Gaskiyarsa. Ƙuduji, wato wuta-wuta, ba ya tsirowa sai saiwar gero ko dawa ta matso kusa da irinsa, sannan ya kama ta yana tsotse ruwa da abincinta tun kafin ya leƙo waje. Irin nasa kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira, kuma ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, ta rasa taki.

Muna gangarawa fadamar Rima sai komai ya sauya. Duman kada ya malale bakin ruwa, makiyaya na kore awaki daga gare shi don yana sa musu ciwo. Bado ya buɗe farin fure a tafkuna, kainuwa na yawo a kan ruwa, masu shinkafa na fama da aya-aya. A kusa da Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, wata baiwar Allah ta sayar mana da kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, wato abin da ake sarewa a zubar a harabar jami'a.

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne kacal, amma ɗalibin kimiyyar tsirrai da ya bi hanyar a hankali zai gane inda ƙasa ta gaji, inda aka tone ta, da inda ruwa ke kwana. Kafin ma'aikata su shiga da adda da maganin feshi, ya kamata a tattara ciyayin harabar a rubuta sunayensu, na kimiyya da waɗanda manoman Kabi suka san su da su.