Alƙalami Da Wutar Yankan Ƙarfe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridar nan, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani abu da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya ƙaru da shi. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekara 35 da alli a hannu, yanzu kuwa na huta, ina zaune a Nassarawa, unguwar da Turawa suka zauna a dā, nan Kano.

Ina da ɗa, shi ne autana, ya gama karatunsa ya yi shekara biyu yana yawon ofisoshi da takardu a hammata, bai sami aiki ba. A cikin 2022 muka kira wani mai walda ya yi mana sabon ƙyaure. Yaron nan ya yi kwana uku yana tsaye yana kallonsu, ran na huɗu ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so ka yarje mini in bi mutumin nan in koyi aikinsa." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ashe duk kuɗin makarantar da na biya ƙarshensa ɗana ya tsuguna bakin titi yana ƙira? Na yarda dai, amma yardar wanda ya rasa yadda zai yi. Idan abokaina suka tambaye ni inda ya ke, sai in ce yana nan yana jiran aiki.

Bayan kamar wata takwas, sai tsohuwar ƙafar tankin ruwanmu ta tsage a wata mahaɗa. Tankin nan lita 2,000 ya ke ci, watau nauyin tan biyu na ruwa ke nan bisa kan jikokina, don a ƙarƙashinsa su ke wasa. Na aika wa maigidan yaron, suka zo tare. Cikin kayansu akwai wani inji wanda bai fi ƙaramin akwatin tufafi girma ba. Suka haɗa shi da janareta, suka ja masa tiyo daga kwamfaresa, watau injin da ke tara iska ya matse ta. Suka maƙala wata waya a jikin ƙarfen da za a yanka. Sa'an nan ɗana ya ɗauki wani abu mai kama da 'yar bindiga, har da kunama, ya rufe fuskarsa da hular walda, ya matsa kunamar. Kai jama'a! Sai ga wata siririyar wuta shuɗiya tana bin farantin ƙarfe mai kaurin yatsa, tana raba shi kamar wuƙa a jikin sabulu. Sunan abin nan injin falasma.

Ɗana ya ɗaga hularsa ya ce, "Baba, don Allah kada ka dubi wutar." Na ce masa ai ina nesa, ga kuma tabarauna. Na ci gaba da kallo har suka tashi. Tsakar dare na farka sai ka ce an zuba mini rairayi a idanu, hawaye na kwarara, ko hasken fitila ba na iya dubawa. Da safe likita ya gaya mini cewa wutar nan tana fid da wani haske wanda ido ba ya gani, shi ne ya ƙona fatar idona ta waje. Ya ce zafin ba ya tasowa sai bayan sa'o'i, shi ya sa mutum ke tsammanin ya tsira. Kwana biyu na yi a ɗaki mai duhu. Ga shi malamin da ya yi shekaru yana cewa yara su ji maganar na gaba, shi ne ya ƙi jin maganar wanda ya fi shi sani, don kawai shi ya haife shi.

Da na warke na tambayi mai waldan ko injin ya zo da littafi. Ya ce, "Malam, yana nan cikin kwali, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Da Turanci ne." Mutumin nan ya fi shekara 20 yana aikin ƙarfe, hannunsa ba ya rawa, amma bai yi boko ba, yaransa kuwa yawancinsu ba su wuce firamare ba. Na karɓi littafin, na zauna da shi da ƙamus, na ƙara da wani bincike. Ga kaɗan daga abin da na samu.

Kowa ya san ƙanƙara in ta ji zafi ta kan zama ruwa, ruwa kuma ya zama tururi. To, idan aka ƙara wa iska zafi mai tsanani, sai ta koma wani hali na huɗu, inda wutar lantarki ke iya bi ta cikinta kamar yadda ta ke bin waya. Wannan shi ne falasma, sunan da wani masani na Amurka, Irving Langmuir, ya ba shi a 1928. Walƙiyar da mu ke gani da damina irinsa ce. Wani injiniya kuma, Robert Gage, na kamfanin Union Carbide, shi ya sami takardar mallakar dabarar matse wutar nan ta cikin ƙaramar kafa a 1957. Zafinta ya kan wuce digiri 20,000, alhali kuwa baƙin ƙarfe ya kan narke a wajen digiri 1,500, fuskar rana ma ba ta wuce kamar 5,500 ba. Watau lantarki ke narkar da ƙarfen, iskar kwamfaresa kuma ta fyaɗe narkakken ta fid da shi ta ƙasa.

A nan ta sha bamban da wutar gas wadda masu walda suka saba yanka da ita. Ita wutar gas, sai ta gasa ƙarfe ya yi ja, sa'an nan a sakar masa iskar oksijin ta ƙone shi. Don haka ba ta iya yankan alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa yanka mai kyau. Falasma kuwa duk ƙarfen da lantarki ke bi tana yanka shi, har jan ƙarfe. Amma fa ba ta yankan katako ko gilashi, kuma in ba a maƙala wayar nan da kyau a wuri mai tsabta, wanda ba fenti ba tsatsa, ba za ta kama ba.

Abu biyu na karanta wa mai waldan waɗanda suka sa ya riƙe baki. Na fari, ya daɗe yana ƙorafi cewa injin ya kan ɗauke da kansa ana cikin aiki, har ya yi niyyar mayar wa wanda ya sayar masa. Ashe an rubuta a jikinsa cewa in an ƙure ƙarfinsa, cikin kowane minti goma minti shida zai yi aiki, ya huta huɗu, in kuwa ya yi zafi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Lafiyarsa lau. Na biyu, ya ce da damina bakin bindigar ba ya ƙarko, kullum yana sayen sabo. Dalili kuwa, iskar damina tana ɗauke da laima, in an matse ta sai ruwa ya taru a tukunyar kwamfaresa, ya biyo tiyo ya lalata bakin. Maganinsa a riƙa buɗe ƙasan tukunyar kullum a tsiyaye ruwan, a kuma sa matata a kan tiyo. A cikin bakin akwai ɗan tsinken jan ƙarfe mai ɗigon wani ƙarfe a kansa, ana ce da shi hafniyam, daga nan wutar ke tashi. Yana cinyewa a hankali, in raminsa ya wuce milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, sai a sake shi tun bai ɓata sauran ba.

Kada kuwa wani ya zaci littafi ya ishe ni. Ranar da suka dawo ƙarasa aiki na sa hula da safar hannu ta fata, na ce a ba ni in gwada. Na san ƙa'idar duka: a ɗaga bakin kaɗan daga jikin ƙarfe, a tsai da shi a miƙe, a ja shi da gudu ɗaya. In tartsatsi yana fita ta ƙasa yana ɗan karkata baya, gudun ya yi daidai. In yana dawowa sama wajen fuska, an yi sauri, wutar ba ta huda ba. In an yi nawa kuwa, yankan ya yi faɗi, kashin ƙarfe ya taru a ƙasa. Duk na haddace, amma layin da na yanka sai ka ce sawun maciji. Mai waldan ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ni da kunne na ke jin ta." Ya karɓa ya ja layi sumul, ko magagari ba ya bukata.

Sai aka zo kan tsagar nan. Na ce ba sai a bi ta da walda kawai ba? Ya ce a'a, wanda ya yi haka ya rufe miki ne da ruɓa a ciki, tsagar za ta ci gaba ta ƙarƙashi, ran da za ta karye ba za ta yi sallama ba. Dole a ƙwaƙule tsohuwar walda har a kai tushen tsagar. A dā da kurfi da guduma da injin gurza a ke yin haka, a wuni ana fama. Yanzu sai ɗana ya sauya wa bindigar baki mai faɗin kafa, ya kwantar da ita kamar digiri 40 daga jikin ƙarfen, ta yadda wutar ba ta huda, sai dai ta narkar da sama-sama, iska ta tura narkakken gaba. Ya riƙa bi a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar mai fafe ƙwarya, yana tsayawa yana dubawa, har tsagar ta ɓace, ya bar kwari mai tsabta. Sa'an nan maigidansa ya cika shi da sabuwar walda. Aikin ƙwaƙula ya fi yanka fid da tartsatsi da ƙara, don haka sai da suka kau da duk abin da zai kama wuta, suka kuma toshe kunnuwansu.

Suna cikin tattara kaya sai ga wani mai gadi daga maƙwabta da duro a ka, wai a raba masa biyu ya riƙa tara ruwa. Ɗana ya sansana bakinsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan fetur aka zuba cikinsa, ba zan sa masa wuta ba." Mutumin ya ce ai wofi ne, har ya ɗauraye shi. Ya yi ta faɗa, wai yaran zamani tsoro gare su, ya ɗauki abinsa ya tafi. Ni kuwa na riga na karanta cewa duron fetur da aka juye shi ne abin tsoro, don tururin man da ya rage ya kan gauraya da iska a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi, ɗauraya da ruwa kuwa ba ta raba shi da wannan. Ran nan na ga yaron nan ya zaɓi a zage shi da ya karɓi kuɗin da zai jawo gawa. Tun daga ranar na daina cewa yana jiran aiki.

'Yan'uwa, mu tuna garin nan da ƙarfe aka kafa shi. Masu binciken tarihi sun sami alamun narkar da tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, labarin kaka da kakanni kuma ya ce wani maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya zo neman tama ya zauna, Abagayawa kuwa zuriyarsa ce. A nan Nassarawa ma, makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a 1909, tana da sashen koyon sana'a, har da ƙira. Gidansa na nan har yanzu, ana zuwa kallo. To, yaushe mu masu alƙalami muka fara ganin mun fi ƙarfin maƙera?

Ku bi ta Ƙofar Ruwa, ko Sharaɗa, ko Bompai, ku ga yara nawa ke yankan ƙarfe da tabaran kwalliya a ido, wasu ma ido tsirara, ga silifas a ƙafa. Suna yankan ƙarfe mai shafen tutiya cikin rufaffen shago, suna shaƙar hayaƙinsa, dare ya yi zazzaɓi ya rufe su, su ce sauro ne. Ba ganganci ke sa su ba, gargaɗin yana cikin kwali da harshen da ba su ji. Mu da mu ke ji kuwa mun ɗauke kai.

Saboda haka ina roƙon malamai da akawuna, kowa ya dubi mai waldan unguwarsu ya tambaye shi littafin injinsa, ya zauna ya fassara masa ko da shafin gargaɗi ne. Ina roƙon 'yan kasuwa masu shigo da injunan nan su riƙa haɗa su da takarda ta Hausa, da boko da ajami. Masu gidan sana'a kuma su sayi hular walda ta ainihi ga kowane yaro, don kuɗinta bai kai kuɗin ido ba. Ni dai na fara nawa, na rubuta ƙa'idodi goma sha biyu da manyan baƙaƙe, an manna su a bangon shagon da ɗana ke aiki, shi kuma yana karanta wa sababbin yara kafin a ba su bindigar a hannu.

Allah ya tsare mana idanunmu da na 'ya'yanmu, ya sa albarka a sana'ar kowa, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Nassarawa, Kano.