Mai Renon Karnuka ta Maamobi

Wanda ya san Maamobi da Nima a birnin Akra ya san titi kaɗai ya raba su da unguwannin masu hali, irin su Roman Ridge da Kanda. Kowace safiya matan zango sukan ƙetara zuwa can su yi wanki da girki. Wata gwauruwa mai 'ya'ya uku tana cikinsu. Ta daɗe tana aiki a gidan wasu Turawa, inda ta koyi yi wa ɗan ƙaramin karensu wanka da ba shi abinci. Da suka koma ƙasarsu, aiki ya ƙare, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta.

Sai ta tuna yadda masu irin waɗannan karnuka suke rasa inda za su bar su idan sun tafi ofis. Ta ce a ranta, ga sana'a. Amma gidan da take haya na mutane da yawa ne, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, kuma yawancin maƙwabta Musulmi ne masu alwala a wurin. Ta san kawo kare ba ƙaramar magana ba ce.

Ba ta yi gaban kanta ba. Ta je ta durƙusa gaban maigidan, wani tsohon malami, ta ce, “Baba, ga abin da nake so in yi, amma in ka hana, na bari.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “'Yata, a mazhabar Malikiyya kwanon da kare ya lasa sau bakwai ake wankewa. Ki raba kwanoninsu da namu, kada su taka wurin salla, kada su yini suna haushi.” Ta kewaye bayan ɗakinta da kwanon rufi, ta sayi bokiti dabam, ta fara da karnuka biyu. Ta kuma kafa doka: ba ta karɓar karen da ba shi da katin allurar rigakafin haukan kare, irin wadda ake yi a asibitin dabbobi na La.

Ran nan ɗan maƙwabciyarta ya zura hannu ta ƙasan shingen, ɗaya daga cikin karnukan ya cije shi a yatsa. Gida ya rikice. Uwar yaron tana kuka, wasu suna cewa dama sun faɗa. Tsoronsu yana da dalili, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma in alamunta suka bayyana, da wuya a tsira.

Matar ba ta tsaya kare kanta ba. Ta kama hannun yaron, ta wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, kamar yadda likitoci suke koyarwa. Ta goya shi zuwa asibiti, katin karen a hannunta, ta biya da kuɗin da ta tara na haya. Da dare ta je ɗakin uwar ta ce, “Yaya, laifina ne, shingen bai kai ƙasa ba. Ki gafarta mini.”

Kashegari maigida ya tara mutanen gidan. Kowa yana jiran a ce ta kwashe kayanta. Uwar yaron ce ta fara magana. Ta ce, “Baba, zo mu zauna zo mu saɓa ne. A bar ta, amma a toshe ramin.” Samarin gidan suka kawo bulo suka toshe.

Yaron ya warke. Kuɗin hayan watan bai cika ba, maigida ya ce ta kawo in ta samu. Har yanzu akwai maƙwabtan da ba sa bi ta bayan ɗakinta, ita kuwa ba ta riƙe su a zuciya. Da asuba takan share wurin, ta wanke hannu, sa'an nan ta je famfo ta bi layi kamar kowa.